Lambun Baba ya dawo hannuna, ina so in sa fulawar biki a gefe, wa ya taɓa yi?

Ummu Sadiq

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, amma daga wanda ya taɓa shiga irin wannan da ƙafarsa. Mahaifinmu ya rasu wata takwas kenan, ya bar mana lambu a hanyar Jos zuwa Bauchi, wajen Tilden Fulani. Mu tara ne, maza huɗu mata biyar, sai Mamanmu da abokiyar zamanta. Lambun zai kai hekta uku, mangwaro 120 ne a ciki, kusan rabi 'yan aure ne Fita da Juli, sauran irin na da ne masu zare, sai gwaiba da lemon tsami kaɗan. Ta gabas akwai fili kamar rabin hekta babu bishiya ko ɗaya, nan Baba yake tumatir da rani, yana gangarawa rafi, sai dai rafin yana ƙafewa tun ƙarshen Fabrairu har saukar damina.

Babu mai son zama a kai. Babban yayanmu yana Legas, sauran kowa da abin da ya sa gaba, ni ce a Jos ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, albashin ba ya kai ni ashirin ga wata. Da aka zauna bayan arba'in aka ce ni in riƙe. Toh ni abin da ke raina fulawa ce, ɗanya ta yanka wadda ake kwalliyar biki da otal da ita. Ina da ƙawa mai deko, wato kwalliyar wurin biki, a Abuja, ros ɗin da take aiki da shi daga Kenya ake kawo shi ta jirgi, tace in har zan iya kawo mata mai kyau duk sati zata karɓa. Ba zan sare bishiya ko ɗaya ba, a filin tumatir ɗin nake so in yi. Abin da nake tambaya, ros zai yi a wajen namu ko sai can sama wajen Vom inda aka fi sanyi, sannan bohol da sola nawa zai ci yanzu, sannan in ajiye koyarwa ko in haɗa biyun. Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ne a hannuna, na adashi da sarƙata da na sayar, bani da wani bayan shi.

Ɗan Kura

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. 'Yar'uwa dan girman Allah kar ki sare mangwaron nan saboda fulawa, bishiyar da mutum ya dasa sadaka ce mai gudana, tsuntsu ma in ya ci yana samun lada.

Ummu Sadiq

Amin na gode. Ai na faɗa a sama, ba sarewa zan yi ba.

Na Gwaggo

Hajiya in fulawar ta nuna a ajiye min buhu biyu, azumi na tafe kuma gidanmu basa wasa da fanke 😂

Baban Zahra

Ummu Sadiq ki yi haƙuri, ni ban san komai a kan ros ba, amma tun da na karanta kalmar nan "aka ce ni in riƙe" gabana ya faɗi, don da ita aka kashe ni. Namu lambun a Zariya yake, bakin Galma. Babanmu ya rasu 2014, mu bakwai, ni ina aiki a Kaduna da ɗan rufin asirina. Haka aka zauna bayan sadakar arba'in, yayana ya dafa kafaɗata yace kai ne ka san kan gona, ka riƙe mana. Babu takarda babu shaida, sai fatiha. Na ajiye aiki na dawo. Shekara bakwai na yi a wurin nan. Tsofaffin mangwaron da basa komai na datse su na musu aure da hannuna, sama da 200, da reza da ledar burodi nake ɗaurewa, na haƙa rijiya biyu, na sayi inji, na zagaye wurin da waya saboda shanu, motata na sayar na yi wayar nan. Duk shekara in an sauke kaya sai na kai wa kowa kasonsa har gida da kwandon mangwaro a kai, wallahi ko sau ɗaya babu wanda ya tambaye ni nawa ka kashe a taki ko nawa ka biya masu ban ruwa.

Sai gari ya matso. Wani dillalin filaye ya samu yayana a ɓoye ya faɗa masa kuɗin da wurin zai yi in an yanka shi fuloti fuloti. Cikin wata ɗaya duk suka haɗe kai, har ƙanwata da na yi wa kayan ɗaki da kuɗin lambun. Muka je kotu, alƙali bai zalunce ni ba, tambayata ya yi ina shaidar cewa abin da ka kashe bashi ne a kan magada, ina yarjejeniya, nace babu, 'yan uwana ne. Aka raba daidai yadda shari'a tace, na samu kason namiji ɗaya kamar wanda bai taɓa taka wurin ba. Ranar da masu gawayi suka shiga da injin yanka ina tsaye a bakin waya. Akwai wata Juli kusa da rijiya da na yi mata aure a satin da aka haifi Zahra, a lokacin tana cike da fure, minti goma bata yi ba ta kwanta. Mahaifiyarmu tana raye, bata ce uffan ba, kuma ban ga laifinta ba duk 'ya'yanta ne. Sallah uku kenan ban shiga gidan yayana ba.

Kar ki sa ko naira ɗaya a ƙasar nan sai an raba gado an rubuta. In an raba, ki karɓi kason sauran haya, shekara goma ko sha biyar, a rubuce, mai unguwa da liman su sa hannu. Bohol ba jaka bane da zaki ɗauka ki tafi da shi ranar da aka ce a sayar.

Maman Khairat

Innalillahi. Baban Zahra wallahi sai da na yi hawaye. Mu ma haka aka yi da shagon babanmu, wanda ya wahala shi ya tashi a tutar babu.

Ɗan Kura

Amma Baban Zahra zumunci fa? Sallah uku yayi yawa, ka daure ka je ko dan mahaifiyarku.

Baban Zahra

Ina gaishe shi in mun haɗu a masallaci. Shiga gidan ne ƙafata ta kasa, ka min addu'a.

Malam Na Tudun Wada

Maganar Baban Zahra tana kan hanya. Jinkirta rabon gado shi ke haifar da yawancin wannan. A yadda kika lissafa, in mamacin bai bar iyaye ba, matan nan biyu tumuni za su raba tsakaninsu, wato ɗaya bisa takwas, sauran a kasa shi 13, kowane namiji biyu kowace mace ɗaya. Kinga ke kaso ɗaya gare ki cikin 13, ki auna da kanki ko ya kai rabin hektar da kike magana. Rabo kuma ba dole sai an sayar ko an yanka ba, ana iya kimantawa kowa ya san nasa a bar shi a haɗe da yardar kowa. Ku samu malamin da ya san mirasi a garinku ku zauna.

Injiniya Bohol

Kan maganar ruwa. Yankin nan dutse ne a ƙasa, ba irin fadamar Kura ko Haɗeja bane da ake huda bututu da hannu a yini ɗaya. Dole a fara awo kafin a kawo mota. Aikin ƙarshe da na yi a irin wannan ƙasar, haƙa da fayif da famfon sola da faranti da tanki da ƙarfen ɗora shi, miliyan huɗu da rabi ya tashi. Kuɗinki ba zai kai ba Hajiya, gara in faɗa miki gaskiya.

Ɗan Kura

Haba Injiniya, miliyan huɗu da rabi sai kace rijiyar mai. Ni dubu 180 na yi nawa har da fayif.

Injiniya Bohol

A ina, kuma yaushe?

Ɗan Kura

A gonata a Kura, 2021.

Injiniya Bohol

Toh ai ka ba kanka amsa. Fadama ce, kuma kafin a cire tallafin mai a 2023 ne, lokacin litar fetur bata kai 200 ba. Motar haƙa dizal take sha ba ruwa ba.

Alhaji Mai Gwaiba

Ni bara na yi a Toro, maƙotan su Ummu Sadiq ne, miliyan biyu da dubu ɗari uku da solar da komai. Sai dai ruwan ba shi da ƙarfi, daga Afrilu sai a jira ya taru. In rafin yana kusa ki haƙa rijiya mai faɗi a bakinsa a sa mata kwalbati, yashin rafi yana riƙe ruwa a ƙasa ko sama ta bushe, da ita Babanki ai yake ƙarasa tumatir ina kyautata zato.

Agronomi

Bari in taɓa tambayar ros ɗin tunda har yanzu ba wanda ya taɓa ta. Na karanta aikin gona a Samaru. Abin da ya sa na Kenya yake da doguwar sanda da babban kai, wajen tafkin Naivasha ake nomansa, tudu ne kusan mita 1,900, rana mai haske dare mai sanyi, kuma a cikin rumfar leda. Jos wajen mita 1,200 ce, in kika gangara hanyar Bauchi kuma ƙasa kike yi zafi na ƙaruwa. Zai yi fure, amma daga Maris zuwa Mayu kan zai ƙanƙance ya buɗe da wuri, ba zai yi kama da wanda ƙawarki ta saba ba. Da rani jan gizo-gizon nan ƙanana suna cin bayan ganye, da damina baƙin tabo ya kakkaɓe ganyen. Yana son rana aƙalla awa shida, don haka ki nisanta shi da inuwar mangwaro, saiwar mangwaro ma tana tafiya nesa ta shanye ruwan da kika zuba.

Da ni ce ke, da masu saurin zuwa zan fara, sanfulawa da ziniya da mai kama da zankon zakara, daga iri ake shuka su, wajen wata biyu zuwa uku kin fara yanka kuma suna jure zafi. Ros ki sa kunya biyu kawai ki ga halinsa shekara guda. Yanka kuma da asuba ake yi kafin rana ta fito, kai tsaye cikin bokitin ruwa mai tsafta, a tsige ganyen da zai nutse, ɗan sukari da ɗigon bilic a ruwan, a ajiye a ɗaki mai sanyi. Kar ki ajiye su ɗaki ɗaya da nunannen mangwaro, iskar da yake fitarwa tana tsufar da fure.

Alhaji Mai Gwaiba

'Yata duk wannan karatu ne. Shekara 34 ina lambu ban taɓa auna tudu da mita ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ummu Sadiq ki bar fulawa, ki cike filin da gwaiba 'yar aure, shekara biyu kin fara tsinka, kuma ko ba ki kai ko ina ba mata masu talla za su biyo ki har lambu. Fulawa wa zai ci?

Agronomi

Baba da girmanka, a shekara 34 ɗin ka taɓa shuka fure ko kunya ɗaya?

Alhaji Mai Gwaiba

Ke kin taɓa sayar da shi?

Maman Khairat

Toh ku duka biyun baku taɓa ba kenan, a bar masu yi su yi magana mana.

Deko Ta Kano

Ni nake saye, bari in faɗi nawa. Shekara shida ina kwalliyar kamu da dina. A biki goma tara fulawar roba ce, mu wanke mu adana mu sake kafawa sati mai zuwa, uwar amarya ma ita take cewa a sa ta roba kuɗin ya sauka. Ɗanya sai 'yan gidan manya, shi ma yawanci na hannun amarya ne da na teburinsu. Na taɓa yin oda a watan Afrilu, aka kafa ƙarfe huɗu, NEPA ta ɗauke janareton wurin ya ƙi tashi, kafin amarya ta shigo ƙarfe tara duk sun sunkuyar da kai, uwar amarya ta cire min kuɗin a cikon da zata bani. Sanda ɗaya ta ros ɗin waje 2,500 na saye ta a Disamba. Abuja ta fi mu kasuwa nesa ba kusa ba saboda otal otal da coci da ofisoshin jakadanci, amma ki tambayi ƙawarki da kyau, duk sati ɗin nan har da azumi da tsakiyar damina lokacin da biki ke ja baya? Kuma yaushe take biya? Mu dai sai an biya mu muke biya, kar ta ji haushina.

Na Gwaggo

2,500 sanda ɗaya?? Kuma ba a miya da ita? Alhaji Mai Gwaiba a tuge gwaibar nan yau ɗin nan 😂

Anti Rayfield

A ina 2,500? Mu nan Jos a bakin lambu 300 zuwa 500 muke bayarwa, ranar masoya, 14 ga Fabrairu, ne kawai yake tashi. Ni na yi ros shekara huɗu a bayan gida, fuloti biyu, kuma har yanzu ina yi kaɗan. Ƙanwata nomansa ba shi ne wahalar ba, hanya ce. Ranar da ba zan manta ba na yanka sanda 400 tun ƙarfe biyar, na naɗe su goma goma a jarida na jera a kwali da robobin ƙanƙara, na ba direba a tasha. Motar ta lalace bayan Hawan Kibo, suka yi awa biyar a rana, kwalina yana but ɗin motar ƙarƙashin buhun dankali. Da matar da na aika wa ta buɗe ta turo min hoto kamar an dafa alayyahu. Ba ta biya ba kuma ban iya ce mata komai ba. Tun daga nan kujera nake saya wa kwalin, gaba kusa da direba, motar farko. In zaki yi kar ki bar koyarwa a shekarar farko, yankan asuba ne, sai dai nisan, daga Jos zuwa lambunku kullum kafin ƙarfe shida sannan ki dawo aji, ki lissafa kuɗin mota da jikinki. Kuma wa zai kwana a wurin? Akuya ɗaya ta shiga ta gama da ke.

Deko Ta Kano

Anti 500? Dan Allah ina son mu yi magana, ashe mu ake yanka.

Anti Rayfield

Ba iri ɗaya bane da na waje 'yar'uwa, namu sandar gajera ce kan ma bai kai ba, kwana uku zuwa huɗu yake yi.

Bahaɗeje

Ku tsaya, in dai fure ake so a noma a samu kuɗi ai ga zoɓo. Mu a Jigawa shi muka riƙe, baya son ruwa da yawa, ka shanya ka zuba a buhu ya jira ka wata da watanni, daga Maigatari ake lodinsa har Meziko yake zuwa. Ba firij ba jirgi ba amarya.

Na Gwaggo

A ba amarya damin zoɓo ta riƙe a dina, in an tashi a jiƙa wa 'yan rakiya, riba biyu.

Abu Mangwaro

Kowa na ta fulawa an manta da bishiya 120, alhali su ne za su ciyar da lambun ko su cinye shi. Ummu Sadiq bana wa ya sayi mangwaron? Don tun hunturu yana fure masu saye za su zo miki da kuɗi a hannu su ce a sayar musu lambun gaba ɗaya a tsaye, kuma sun san gidan da aka yi rasuwa ana buƙata. Ni shekarar da na ƙi na ce zan kai kasuwa da kaina na gane kurena. Kwando 85 na loda. Daga lambu zuwa kasuwa an tsayar da mu sau goma sha ɗaya, masu sanda mai ƙusa, kowa da rasit ɗinsa kala daban, wannan na kayan gona wannan na lodi wannan na sauke kaya tun ban sauke ba. Na isa na tarar motocin Binuwai sun cika wurin, dillali ya ɗaga kwando ɗaya ya fasa mangwaro biyu ya nuna min tsutsa, ƙudan nan mai huda 'ya'yan itace ya shiga, nan take ya karya kuɗin duka 85 ɗin, ya cire la'adarsa, 'yan dako suka cire nasu. Abin da na dawo da shi bai kai abin da mai sayen a tsaye ya taya ba.

Malam Na Tudun Wada

Sai dai a kula, sayar da 'ya'yan itace tun suna fure akwai hani a kai, hadisi ya tabbata cewa kar a sayar sai kyansu ya bayyana. A jira ya ƙosa ya fara nuna alama sannan a yi ciniki.

Abu Mangwaro

Na sani Malam, Allah ya yafe mana. Amma wa zai yi magana a kan masu sandar nan? Su nasu halal ne?

Direban Kanta

Sha ɗaya ma ka samu sauƙi. Ni da nake ɗauko lemo daga Gboko zuwa arewa rasit ɗin da nake tarawa a tafiya ɗaya sai in cika aljihun gaban mota da su. In ka tsaya gardama su sace maka iska, kaya na nuna a rana, dole ka biya. Kuma mai kaya gani yake mu muke ƙara kuɗin mota don son rai.

Ɗan Kura

Mu masu tumatir ai mun fi kowa shan wannan, awa biyu a shinge kwandon ƙasa ya zama miya.

Ummu Sadiq

Na gode ƙwarai, duk na karanta, Allah ya saka. Baban Zahra jiya ban yi barci ba. Da safe na kira Yaya na ce masa ina so a kimanta lambun a rubuta kafin in taɓa komai, yayi shiru sannan yace takardar me kuma tsakanin 'yan uwa, ko wani ne yake zuga ki. Mama tace in bari sai ya zo Sallah a zauna. Ƙawata kuma na tambaye ta maganar azumi da damina tace zata duba littafinta ta faɗa min. Alhaji Mai Gwaiba gaskiyarka akwai tsohuwar rijiya a bakin rafin ta rufta, dan Allah gyaranta da kwalbati kamar nawa zai ci? Anti Rayfield a ina kike samun dashen, kuma nawa ne ɗaya?

Baban Zahra

Kalmar da yayana ya faɗa min kenan, harafi da harafi. Kar ki haƙa komai kafin Sallar.

Direban Kanta

Abu Mangwaro wace hanya ka bi aka tsayar da kai sau sha ɗaya? In ta cikin gari ce akwai wata ta baya da muke bi da daddare, shinge huɗu ne kawai, sai dai ramuka.

Abu Mangwaro

Ta bayan ma sun gano ta, satin da ya wuce ƙanena ya bi da kwando 40, har da sabon rasit wai na tsaftar muhalli.